Wane ruwan goge ɗaki ne ba zai cutar min da kyanwa ba?

Maman Afra:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah masu kiwon mage ku zo ku ba ni shawara. Sati biyu da suka wuce na sayi ruwan goge tayil irin mai kaurin nan da ake sirkawa da ruwa, an rubuta murfi ɗaya a bokiti, ni kuma da na ji ɗakin yana ɗan ƙarni sai na ce bari in zuba uku ya fi kamawa. Na goge da yamma, ban ma jira ya bushe ba kyanwata Bushi ta shigo tana takawa abinta, ta haye kujera ta zauna tana lashe daginta kamar yadda ta saba. A daren lafiya lau har abinci ta ci. Da asuba na tashi na tarar da ita a lungu yawu yana zuba kamar an buɗe famfo, ƙirjinta duk ya jiƙe, harshe a waje, ko kallon kwanonta ta ƙi yi. Da likita ya buɗe bakin ya nuna min harshen wlh sai da na yi hawaye, gefensa duk ya saluɓe ya yi ja zur. Kwana 4 da sirinji nake ba ta abinci. Alhamdulillahi yanzu ta warware. To matsalar ita ce tun ranar da ruwa zalla nake gogewa saboda tsoro, kuma da mai rarrafe a gidan. Na ga kala uku, wani an zana hoton kare da kyanwa a jiki an ce ba ya cutar da dabbobi, wani an ce duk daga tsirrai aka yi shi, sai na ukun irin wanda kowa ya sani mai komawa fari idan ya shiga ruwa. Wanne zan ɗauka?

Ummu Khalil:
Allah sarki Bushi, sannu Maman Afra. Allah ya kiyaye gaba. Ni dai ina nan ina jiran amsa don nawa magen guda uku ne kuma nima zubawa nake da ido.

Baban Sadiq:
Hajiya ai amsar tana cikin maganarki, an ce ɗaya kin zuba uku. Ni shekara kusan 8 ina wanke ɗakin karnukana da mai farin nan, ko tari ban taɓa jin sun yi ba. Wannan zancen hoton kare a jikin roba duk dabarar 'yan kasuwa ce, ki sayi wanda kika saba ki bi ƙa'ida shi ke nan.

Anti Rabi:
Ƙanwata ki ɗauki na tsirran nan ki huta, ni tunda na daina sayen masu kemikal hankalina ya kwanta. Nawa man tea tree ne a ciki da na lemo, gida ya yi ta ƙamshi, abin da Allah ya tsirar ai ba zai yi illa ba.

Dakta M.:
Wa alaikumus salam. Maman Afra sannu da jinya. Anti Rabi ki yi haƙuri zan fara ta kanki saboda naki ya fi tayar min da hankali. Man tea tree yana cikin abubuwan da muka fi tsoro a wurin kyanwa, haka man yukaliftus, da na itacen fayin, da na ɓawon lemo, da na na'ana'a, da kirfa. Kyanwa idan ta sha ko ya shiga ta fata za ki ga tana tangaɗi, jiki na rawa, yawu na zuba, wani lokacin har hanta ta taɓu. Fitowar abu daga tsiro ba ya wanke shi, guba nawa ce a duniya daga tsiro take.
Dalilin kuwa a hanta yake. Akwai wata hanya da hantar mutum da ta kare take bi ta ɗaure wasu sinadarai ta fitar da su a fitsari, to ita kyanwa wannan hanyar tata rarrauna ce sosai, halittarta ce haka. Shi ya sa farasitamol da ke kike sha ki warke, ita ƙwaya ɗaya yana iya kashe ta. Kuma shi ya sa Baban Sadiq abin da karnukanka suka jure ba hujja ba ne a kan mage. Yawancin masu komawa fari kamar madara a ruwa dangin sinadarin fenol ne ko man fayin, su kuma sune kan gaba a abin da hantar kyanwa ba ta iya fitarwa. Gidan da yake da mage ni ba na ba da shawarar a goge ƙasa da su ko kaɗan.
Sannan ku tuna kyanwa ba sai ta sha daga bokiti ba. Duk abin da ta taka sai ta lashe shi.

Baban Sadiq:
Dakta na ji batun hanta, amma ai ita Hajiya ba mai farin ne ya ƙona mata kyanwa ba, ko shi ne?

Maman Afra:
A'a ba shi ba ne, wannan ruwan hoda ne mai ƙamshin fure, ko a ruwa ba ya canza kala. Yanzu na ɗauko robar, a baya da ƙananan rubutu an sa benzalkonium chloride.

Dakta M.:
Yawwa, tun da kika ce sai da asuba abin ya bayyana na zarge shi. Wannan sinadarin yana cikin ruwan goge-goge da yawa da aka rubuta suna kashe ƙwayoyin cuta, da feshin kicin, da tsumman goge-goge masu danshi. Shi ba hanta yake fara taɓawa ba, ƙona fata da baki yake yi, kuma mugun halinsa shi ne ba ya nunawa nan take, sai bayan awanni, mutum har ya manta ya goge ɗaki ya fara tunanin ko wani abu ta ci a waje. Dalalar yawu, gyambo a harshe, zazzaɓi, ƙin abinci, sak abin da kika faɗa.
Amma bari in faɗi gaskiya kada a ce na ɓoye, hatta wasu magungunan da muke wanke keji da su a asibitin dabbobi akwai danginsa a ciki. Bambancin mu muna aunawa da sirinji, mu fitar da dabbar, mu jira ya bushe ƙarau kafin a mayar da ita. Ke kin ninka sau uku kuma ta taka da danshinsa.

Baban Sadiq:
To ka ji. Ashe dai maganata ce, awo ne.

Ummu Khalil:
Kai Baban Sadiq kai dai sai ka ci gardama hhh. Ai ta ce awo DA abin da ke ciki, ka ɗauki rabi ka bar rabi.

Anti Rabi:
Innalillahi, ni fa har ɗiga man nake a tukunyar turiri in kunna a falo, tawa magen kuma a nan take kwana. Amma Dakta ai ƙamshi ne kawai ba sha take ba?

Dakta M.:
Anti turirin yana sauka a gashinta, ita kuma wanka da harshe take yi. Ki daina kunnawa a inda take, ko aƙalla ƙofa a buɗe ta iya fita.

Ɗan Kemistiri:
Bari in sa baki a batun hoton kare da kyanwa a jikin roba, don shi ne ainihin tambayar Maman Afra kuma an wuce shi. Hoton nan da kalmar wai ba ya cutar da dabbobi talla ce ta gaban roba, mai kaya ne ya rubuta abinsa. Idan kika karanta ƙasa-ƙasa sau da yawa za ki ga sharaɗi, wai idan an sirka yadda aka ce kuma ya bushe. To da wannan sharaɗin ai kaya da yawa sun shiga. Ni bayan roba nake juyawa, abu uku nake dubawa. Na farko jerin abin da ke ciki, idan babu shi kwata-kwata sai dai sunan ƙamshi da alkawura, na ajiye, don ranar da abu ya faru likita zai tambaye ki me ta lasa ki rasa amsa. Na biyu alamomin nan masu jan layi kamar lu'ulu'un kati, akwai wadda aka zana ruwa yana ɗiga a hannu da kan ƙarfe yana cinye su, wannan yana nufin abin cikin robar yana ƙona fata da ido, akwai mai alamar motsin rai wato mai sa ƙaiƙayi ko raɗaɗi, akwai mai mataccen kifi da busasshiyar bishiya, masu tankin kifi ku lura da wannan. Na uku ko an rubuta awo a fili da lamba, mil kaza a lita kaza, da ko sai an ɗauraye.
Wanda yake son ya zurfafa, kamfanoni suna da takardar bayanin haɗari ta kowane kaya, ana kiranta SDS, sashe 16 gare ta, ka rubuta sunan kayan da SDS a intanet sau da yawa za ta fito. Sashe na 2 haɗarinsa, na 3 sinadaran da ake tsoro a ciki, na 4 taimakon gaggawa. Akwai kuma tambari irin Safer Choice na hukumar kare muhalli ta Amurka da EU Ecolabel na Tarayyar Turai mai hoton fure, su aƙalla wani ne daga waje ya duba sinadaran, sun fi hoton kare daraja, amma su ma ba cewa suka yi kyanwa ta lashe ɗanyensa ba.

Maman Afra:
Malam na gode amma kaina ya fara ɗaukar zafi wlh. Ni a faɗa min a taƙaice me zan zuba a bokiti gobe da safe.

Yaya Larai:
Hhh ƙanwata bari in sauƙaƙa miki, ni shekaruna da yawa da mage da zomaye. Gogen kullum ba ya buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta sam, mu ne muka ɗora wa kanmu. Ruwan ɗumi da ɗigo biyu uku na sabulun wanke kwanuka mara ƙamshi sosai, ki goge, ki sake bi da ruwa zalla, ki buɗe taga. Datti da maiƙo duk zai fita kuma mai rarrafenki ma ya huta. Maganin kashe cuta sai ranar da akwai dalili, an yi amai ko gudawa ko wata dabba ba lafiya. Ranar kuma ni bilic nake sawa, na wanki na yau da kullum.

Ummu Khalil:
Bilic kuma Yaya?? Ni na zata shi ne ya fi kowanne haɗari, warinsa kaɗai.

Dakta M.:
Mutane suna mamakin wannan amma Yaya Larai tana kan hanya. Bilic ɗanye yana ƙonawa ba musu, amma wanda aka sirka daidai aka ɗauraye aka bari ya bushe, yana cikin waɗanda muka fi yarda da su, kuma yana kashe ƙwayar cutar parvo ta karnuka da 'yar uwarta ta kyanwa, waɗanda magunguna da yawa masu ƙamshi ba sa iya musu komai. Idan ƙarfinsa wajen kashi 5 cikin ɗari ne, ana sa kashi 1 a ruwa kashi 32. A fara wanke dattin da sabulu a ɗauraye, don ƙazanta tana kashe ƙarfinsa, sannan a shafa a bar shi minti 10, a ɗauraye, a bushe. Da ruwan sanyi ake haɗawa, kuma wanda aka haɗa yau ba a ajiye shi sati, ƙarfinsa yana raguwa, kullum sabo.
Abu ɗaya, wasu kyanwoyin warin bilic yana jan su, za ki ga tana birgima a wurin tana lasa kamar ta samu wani abin daɗi. Don haka ƙofa a rufe har ya bushe.
Akwai kuma masu haidirojin feroksaid, shi idan ya gama aiki ruwa da iskar oksijin yake komawa, gidajen kula da dabbobi da yawa shi suke amfani da shi yanzu. Amma mai kaurinsa shi ma yana ƙona ido da baki, ba a wasa da shi a roba.

Ɗan Kemistiri:
Lissafin 1 a 32 ɗin don kada a ruɗe, wajen mil 30 ne a lita ɗaya, wato babban cokali biyu na awo. Bokiti mai lita 5 wajen mil 150. Idan roba ta ce 1 a 64 to wajen mil 15 a lita, idan ta ce 1 a 100 mil 10. Ku samu sirinji ko ƙaramin kofin awo ku ware shi, ku ja layi da maka a jikin bokiti inda lita 5 ta tsaya, don kalmar bokiti ba awo ba ce, wani lita 5 wani 15. Kuma ruwa ake fara zubawa sannan maganin, kada ya fantsamo.
Sai babban gargaɗi, kada a haɗa bilic da komai sai ruwa. Bilic da khal ko ruwan wanke masai mai asid yana ba da iskar kulorin. Bilic da amoniya yana ba da kuloramin. Duka biyun suna shaƙe mutum balle dabba da hancinta yake daf da ƙasa.

Ummu Khalil:
Wayyo wannan ya taɓa faruwa da ni ban san dalili ba sai yau. Akwatin fitsarin magena ne ya kwana biyu, na juye yashin, akwai sauran fitsari a ƙasa ban ɗauraye ba na tuttula bilic kai tsaye a banɗaki ƙofa a rufe, wlh wani abu ya daki hancina idona ya cika da hawaye na fito ina tari kamar zan shiɗe. Na zata bilic ɗin ne ya lalace.

Ɗan Kemistiri:
Tsohon fitsari akwai amoniya a ciki Anti, haɗin da na faɗa ne kika yi ba ki sani ba. A fara wankewa da sabulu da ruwa mai yawa tukuna.

Mai Aku:
Duk kuna ta maganar lasa, mu masu tsuntsaye matsalarmu iska ce. Tsuntsu banda huhu yana da jakunkunan iska a jiki, numfashinsa yana zuƙar abin da ke cikin iska fiye da namu, shi ya sa a da masu haƙar kwal suke shiga rami da kanari a keji, idan ya faɗi su gudu, a Birtaniya sai 1986 aka daina. To bilic ɗin da kuke yabo, da amoniya, da duk wani abin fesawa, da turaren ɗaki na gwangwani, idan zan yi amfani da su sai na ɗauke kejin zuwa wani ɗaki na rufe, ba na dawo da shi sai ni kaina na daina jin warin. Kuma na daina fesawa a iska, a tsumma nake zubawa in goge. Masu kifi ma haka, a rufe saman tanki, kuma bokitin canza musu ruwa kada sabulu ya taɓa shiga cikinsa.

Anti Rabi:
To ni yanzu khal da bekin soda fa? Kada ku ce min shi ma guba ne don zan yi fushi.

Yaya Larai:
Hhhh Anti kwantar da hankalinki, wannan kam ba laifi. Khal da aka sirka yana goge gilashi da farin dattin famfo, sai dai kada ki sa shi a kan mabul yana cinye shi, kuma kada ki dogara da shi ranar da dabba take da cuta mai yaɗuwa.

Ɗan Kemistiri:
Kuma idan kin haɗa su wuri ɗaya kumfar nan da take burge mutane, kashe juna suke yi, abin da ya rage kusan ruwan gishiri ne. Kowanne shi kaɗai ya fi aiki.

Maman Afra:
Ƙarnin da ya sa na ninka maganin tun farko fa, a gefen kafet ne inda ƙaramar kyanwata take fitsari, na goge na goge tana komawa.

Dakta M.:
Wannan ƙamshi ba zai magance shi ba ko robar duka kika juye, ke kin daina ji ita tana ji. Ki nemi mai enzayim wanda aka yi don fitsarin dabbobi, shi narkar da ragowar fitsarin yake yi. Ki fara tsotse wurin da tsumma, ki jiƙa shi sosai har ya kai inda fitsarin ya kai, ki kifa kwando a kai ki bar shi ya bushe da kansa. Kada ki haɗa shi da bilic ko ruwan zafi sosai, yana kashe enzayim ɗin. Ki guji mai amoniya a wurin, warinsa kamar fitsari yake mata sai ta ƙara. Idan kuma ta ci gaba da yi a wajen akwatinta a kai ta a duba mafitsara.

Baban Sadiq:
Ni fa har yanzu ban ga laifin mai kauri ba, roba ɗaya ta yi maka wata da watanni, ba ka tara robobi a shara. Amma tunda ana faɗar gaskiya bari in faɗi tawa. Bara ƙaramin karena ya samu ƙwallon sabulun injin wanki ɗin nan mai laushi mai kala-kala, ya faɗo bayan injin ban gani ba, ya ɗauka abin wasa ne ya fasa shi a baki. Ya yi ta aman kumfa, daga baya tari ya biyo, likita ya ce kumfar ta so ta shiga huhu. Tun ranar komai mai kauri yana can saman kanta mai ƙofa. Don haka na yarda robar ita kanta ita ce haɗarin, amma mai farin nan dai ba zan daina ba, ni ba ni da mage.

Yaya Larai:
Ba ka da mage amma ta maƙwabta tana shigowa Baban Sadiq. Kuma a kan zancen roba, abin da mutane ba sa lura shi ne ɗigon da yake gangarowa a jikinta bayan an zuba, da murfin da aka auna aka ajiye a ƙasa, da bokitin mofa da aka bari a tsakar gida an tafi amsa waya, kare yana zuwa zai sa baki. Ni ina gamawa nake zubarwa in kife. Kuma don Allah a daina juyewa a robar ruwan sha ba rubutu, wannan har yara yake ci. Gidan da ba mutum ɗaya yake goge-goge ba, gara mai hankali ɗaya ya riƙa haɗawa a roba mai rubutu da kwanan wata, sauran su ɗauka daga nan.

Ummu Khalil:
Dakta idan tsautsayi ya faru kafin a kai asibiti me za a yi? Na ji ana cewa a ɗura ruwan gishiri ta yi amai.

Dakta M.:
Kul. Abin da ya ƙona da zai shiga zai sake ƙonawa da zai fito, mai kumfa kuma ya faɗa huhu, gishirin ma kansa yana iya kashewa. Idan ta taka ne a wanke dagin da gashin da ruwan ɗumi da ɗan sabulun kwanuka a ɗauraye sosai, a hana ta lasa. Idan ido ne a yi ta zuba ruwa mai tsafta a hankali wajen minti 15. Baki kuma a goge da jiƙaƙƙen tsumma a ajiye mata ruwa, ba ɗure. Sannan a ɗauki robar ko hoton bayanta a tafi wurin likita ko da ta yi kamar lafiyarta ƙalau, kun dai ji yadda ta Maman Afra ta kwanta lafiya sai da asuba abin ya bayyana.

Maman Afra:
Na gode ƙwarai jama'a Allah ya saka da alheri. Yau da safe na bi ta Yaya Larai, sabulun kwanuka da ruwan ɗumi, na kulle su Bushi a ɗaki suna ta kuka har tayil ya bushe. Na koma na juya bayan mai hoton kare da kyanwar nan, ashe shi ma akwai man yukaliftus a ciki, na mayar da shi inda yake. Mai enzayim ɗin nake nema yanzu. Ruwan hodan kuma saura fiye da rabi, zan iya ƙarar da shi a masai in rufe ƙofa ko in rabu da shi gaba ɗaya?

Dakta M.:
Masai ba laifi idan kin kora ruwa kin rufe murfin, kuma babu bilic a ciki a lokacin. Amma banda ƙasan banɗakin idan suna shiga.

Maman Afra:
Suna shiga kam, ƙaramar ma a cikin baho take barcin rana.